Kwana tara ina yawo da kwamfutar Kawu a Jidda, ashe batir ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in rubuta wannan abin, saboda na san gidajenmu da yawa a nan Jidda da Makka akwai tsohuwar kwamfuta a lungu an lulluɓe ta da zani ana cewa ta mutu, alhali wataƙila abin da ke damunta bai kai riyal goma ba. Ni kwana tara na yi ina fama da tamu, na shiga shago na fita, na yi bacci da baƙin ciki, kuma saura ƙiris in yarda a goge abin da ba za mu ƙara samun irinsa ba har abada. Zan faɗi komai yadda ya faru daki daki, da kuɗin da na kashe, dan wanda abin ya same shi ya san ta inda zai fara.

Kwamfutar ta Kawuna ce, irin ta kan tebur ɗin nan mai akwati daban sikirin daban. A Haraj Sawarikh, kasuwar kayan hannu ta nan Jidda, ya saye ta shekaru da dama, tun a lokacin ma ta hannu ce. Core 2 Duo ce, ram (wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita in tana kunne) giga 4, hardis (inda fayil suke zama) giga 500, da Windows 7 a kai. Da ita yake lissafin kayan da yake aika wa mutane Kano, sunan mai kaya, kilo nawa, wa ya biya wa ya rage. Lokacin rusau ɗin unguwannin kudancin Jidda a 2022 muka tashi a gurguje, aka saka ta a kwali aka kai sito tare da sauran tarkace, gidan da muka fara zama ɗaki biyu ne babu inda za a ajiye ta, Kawu ya koma lissafi a littafi da waya. Haka ta zauna fiye da shekara biyu ba wanda ya kunna ta. Ni ba lissafin ne ya dame ni ba. A ciki akwai muryar Inna, kakarmu, mahaifiyar Kawu, Allah ya jiƙanta. Shekarar da ta fara ciwo ƙanwata ta riƙa zama da ita bayan isha'i tana ɗaukar muryarta a waya, tana ba da labarin yadda iyayenta suka taho hajji a ƙasa, ta Chadi suka shiga Darfur, suka yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, har Sawakin inda suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wayar ta ɓace tuntuni. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, kuma yana cikin wannan akwatin.

Ranar da muka ɗauko ta Alhamis ce da daddare. Ƙanena har ya ɗauki waya zai cusa a soket na ce tsaya tukuna. Wannan abu ne da ya shafe mu mazauna Saudiyya musamman: tsofaffin gidaje da yawa suna da soket iri biyu, na 110 da na 220, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa a bayan akwatin, kusa da inda wayar wuta ke shiga, akwai wani ɗan jan makunni da ake turawa gefe, ɗaya ɓangaren an rubuta 115 ɗaya 230. A tsohon gidanmu soket ɗin ɗakin Kawu na 110 ne, sabon gidan kuwa duka 220 ne. Na haska fitilar waya, ai kuwa yana kan 115. Da an jona a haka da fawar, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, ta ƙone nan take, wani lokaci ma ta tafi da wasu kayan ciki. Na sa bakin sukundireba na tura shi 230. Dan Allah duk wanda ya sauya gida ya duba wannan kafin komai. Sai muka jona muka danna. Fanka ta juya, fitila ta kama, amma sikirin baƙi ƙirin ko harafi ɗaya babu, sai wani kuka da take yi ƙit ƙit ƙit, ta yi shiru, ta sake. Muka canza wayar sikirin, muka jona ta da talabijin, duk ɗaya. Kawu yana zaune a gefe da carbi bai ce komai ba, da ya miƙe zai shiga ɗaki sai ya ce, yaro in ta ƙi ka bar ta, abin da Allah ya ƙaddara. Na ce Kawu ku ba ni lokaci.

Washegari bayan sallar Juma'a na zauna da ita ni kaɗai. Na karanta cewa wannan kukan ba banza ba ne, kwamfuta tana duba kayan jikinta kafin ta nemi Windows, in ta ga matsala tun kafin hoto ya fito to da kuka take faɗa, kuma kowane kamfani da ma'anar nasa kukan, sai ka ƙirga guda nawa ne, gajere ko dogo, ka nemi na irin taka. Nata ya nuna ram ne. Na cire wayar wuta, na danne makunnin kunnawa na 'yan daƙiƙu dan sauran wutar da ke ciki ta fita, na buɗe murfin gefe. Wallahi ƙurar da ke ciki kamar auduga, ta haɗu da laimar Jidda ta zama wani irin danƙo a jikin fanka. Na taɓa ƙarfen akwatin da hannu tukuna kamar yadda aka ce, saboda wutar jikin mutum tana iya lalata kayan. Ram guda biyu ne, kowanne da 'yan maƙalai biyu a gefe, ka tura su waje sai ya ɗago da kansa. Haƙoran zinaren da ke ƙasansa sun yi duhu. Na karɓi kilinar goge fensir a wajen 'yar yayata na goga a hankali gaba da baya har suka yi haske, na share ɓurɓushin da ƙyalle busasshe, na mayar da guda ɗaya kawai na danna har ya ce ƙas. Na kunna. Rubutu ya fito a sikirin. Na kashe na ƙara na biyun, shi ma ya yi. Farin cikin da na yi ba ya faɗuwa, har na kira ƙanwata a waya na ce mata ta tashi.

Na yi gaggawar murna. Rubutun da ya fito fari ne a kan baƙi, akwai layin da ya ce "CMOS checksum error" kuma in danna F1 in ci gaba. Na danna ban tsaya tunani ba, kuma a nan ne na yi kuskuren da ya ci min kwana takwas, domin amsar duka tana cikin wannan layin. Tambarin Windows ya fara haɗuwa, sai wani shuɗin allo ya gifta kamar walƙiya, ta mutu ta sake tashi da kanta. Haka ta yi ta zagaye, sau goma ko fiye, ban ko iya karanta harafi ɗaya a shuɗin ba. Daga baya na gano in kana danna F8 akai akai tun kafin tambarin ya fito, jerin zaɓi zai zo, a ciki akwai wanda aka rubuta "Disable automatic restart on system failure". Na zaɓe shi, shuɗin allon ya tsaya cak. Can ƙasa akwai lamba 0x0000007B. Na ɗauki hoto da waya. Na gwada Safe Mode, shi ma shuɗin ne.

Ranar Lahadi bayan la'asar ɗan kawuna ya kai ni titin Khalid bin Walid inda shagunan kwamfuta suke jere. Shawara a nan, akwatin kawai za ka ɗauka, sikirin da kibod suna da nasu, kuma kar ka je da rana tsaka, da yamma kasuwar ke ci. Na shiga wani shago, mutum huɗu a gabana, na yi kusan minti arba'in a tsaye da akwati a ƙafa. Da aka zo kaina mai gyaran ya ce kuɗin dubawa riyal 30 ko an gyara ko ba a gyara ba, na biya. Ya jona, ya danna F1 kamar yadda na yi, ya ga shuɗin, ko minti uku bai yi ba ya ce Windows ya lalace, fomatin za a yi, riyal 80, gobe in zo in ɗauka. Na ce akwai abubuwa a ciki. Ya ce fitar da fayil aiki ne daban kuɗinsa daban kuma ba ya ba da garanti. Na nuna masa hoton lambar, ya kalla da gefen ido ya ce duk ɗaya ne. Ba na cewa mugu ne, shagon cike yake kuma fomatin ita ce hanya mafi sauri a wajensa, amma ni jikina ya yi sanyi da na tuna kalmar nan tana nufin a share muryar Inna. Na tsaya jim, har ya miƙo takardar da zan sa hannu. Na ce a'a, na gode, na rungumi akwatina na fito. A mota ɗan kawuna yana ta cewa da ka bari sun yi ai sun fi mu sani, ban amsa masa ba.

Kwana uku da suka biyo baya a gida na yi su ina gwaji bayan na dawo daga aiki. Wani abokina ya haɗa min filash mai Windows 7 da manhajar Rufus dan in shiga wajen gyara. Na cusa, na danna maɓallin zaɓar inda za ta tashi, wanda shi ma ya danganta da kamfani, a Dell F12 ne, a HP F9, shiga bayos kuma, wato allon saitin kwamfutar kanta da ake shiga tun kafin Windows, F2 a Dell, F10 a HP, wasu kuma Delete. Na zaɓi filash ɗin, ta ƙi tashi daga kansa sam. Dare guda na ɓata ina zaton ramukan USB ne suka mutu. Ashe a Rufus akwai wajen zaɓi tsakanin GPT da MBR, shi ya bar shi a GPT wanda na sababbin kwamfutoci ne masu UEFI, wato sabon salon bayos, tamu kuwa tsohon bayos gare ta, MBR take ganewa. Ya sake haɗawa a MBR, ta tashi lafiya lau. Ku lura Rufus yana goge duk abin da ke kan filash ɗin, kar ka ba da mai kayanka a ciki. Kuma in ka shiga, bayan ka wuce allon zaɓar harshe akwai babban maɓallin girkawa a tsakiya, ba shi za ka taɓa ba, can ƙasa gefen hagu akwai ƙaramin rubutu na gyara kwamfuta. Na bi ta nan na kunna Startup Repair, ya yi ta juyawa kusan rabin awa ya ce bai iya ba. Na buɗe baƙin allon rubuta umarni na sa bootrec /fixmbr da bootrec /fixboot da bootrec /rebuildbcd kamar yadda kowa ke cewa a intanet. Babu abin da ya canza. Yanzu na fahimci dalili, waɗannan umarnin maganin wata cuta ce daban, irin wadda za ka ga an rubuta "BOOTMGR is missing", wato kwamfuta ba ta ma sami ƙofar shiga Windows ba. Tamu ta sami ƙofar har ta fara shiga, a tsakiyar hanya take faɗuwa. Amma wani abu ɗaya ya kwantar min da hankali, a baƙin allon na duba na ga sunayen folda suna nan, har da wadda ƙanwata ta sa wa suna Inna.

Ranar Alhamis a masallaci bayan magariba ina ba wani dattijo labari sai ya ce me ya sa ba ka kai wa Baba mai gyaran rediyo ba. Wannan Baban Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno can gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar, ya daɗe a Jidda, ɗan ƙaramin shago gare shi cike da tsofaffin rediyo da talabijin da kwamfutoci har rufi. Hausarsa irin ta da ce, mai daɗi, da Larabcin Sudan a gauraye. Da safiyar Asabar na kai masa. Na gaishe shi na ce Baba dan Allah ku duba mana wannan, amma kar a goge komai. Ya ce zauna ɗana, ba ni labarinta tun daga farko. Shi ne mutum na farko da ya tambayi tsawon lokacin da ta yi a ajiye. Da na ce fiye da shekara biyu sai ya gyaɗa kai. Ya kunna, da layin F1 ya fito ya riƙe hannuna ya ce kar ka danna, karanta abin da take gaya maka. Ya shiga bayos ya nuna min kwanan wata da yatsa, ta koma 1 ga Janairu 2009, ƙarfe goma sha biyun dare. Ya kashe, ya buɗe, ya nuna min wani ɗan batir mai sheƙi kamar kwabo a kwance a jikin babban allon ciki, ni na gan shi ranar da nake goge ram ban ɗauke shi komai ba. Ya tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi da farce, ya yi tsalle ya fito. An rubuta CR2032 a bayansa. Ya ɗora masa bakin mita ja da baƙi, ya juyo min da mitar, ko volt ɗaya bai kai ba, alhali volt 3 ya kamata ya ba da.

Bayanin da ya yi min shi ne, wannan batirin shi ke riƙe wa kwamfuta agogo da saitin bayos lokacin da ba ta jone da wuta. In ya mutu sai ta manta duk abin da aka saita ta koma yadda ta fito daga kamfani. A cikin saitin akwai wanda ke faɗa yadda za ta yi magana da hardis, zaɓi ne tsakanin IDE da AHCI, wasu akwai RAID. Windows 7 da wanda aka girka shi a kai ya saba, in ya tashi ya tarar an canza sai ya kasa ganin hardis ɗin da shi kansa yake zaune a kai, shi ne ma'anar wannan lambar mai ƙarewa da 7B. Ya ciro sabon batir a aljihun tebur, riyal 5, irin wanda ake sa wa rimot ɗin mota, ya danna shi ɓangaren mai alamar ƙari yana sama. Ya gyara kwanan wata, ya shiga wajen saitin SATA, wato wannan saitin na hardis, yana kan IDE, ya mayar AHCI, ya adana ya fita. Tambarin Windows ya haɗu, na riƙe numfashi ina jiran shuɗin, sai ga hoton Ka'aba da Kawu ya sa a fuskar kwamfutar tun da daɗewa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Baba bai kalle ni ba, ya ci gaba da aikinsa, ya ce alhamdu lillahi, amma ba mu gama ba.

Ya ce in kasa kunne kusa da akwatin, akwai wani ƙas ƙas a hankali lokaci lokaci. Ya buɗe wata ƙaramar manhaja daga filash ɗinsa mai suna CrystalDiskInfo, ta nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, wato hardis ɗin ya fara samun wuraren da suka lalace. Ya ce zai iya yin shekara zai iya mutuwa gobe, kafin komai a kwashe abin da ya fi muhimmanci. Na ruga shagon kusa na sayo filash giga 64 riyal 25, folda Inna muka fara kwafa, sannan lissafin Kawu, sannan hotuna. Bayan nan ya ba ni shawarar SSD, sabon irin hardis mai sauri, na sayo mai giga 240 riyal 95, da yake abin da ke cikin tsohon bai kai giga 100 ba sai ya kwafe shi gaba ɗaya da Windows ɗin da komai zuwa sabon, ya ɗauki kusan awa biyu muna zaune muna shan shayi yana tambayata hanyar da iyayen Inna suka bi, ya ce nasa kakannin su ma hajji suka fito, Allah ya tsayar da su a Sudan. Ya busa ƙurar, ya sa sabon man sanyaya a kan furosesa. Ladansa riyal 40 ya ce, na so in ƙara ya ƙi. Duka duka da talatin ɗin da na bari a shagon farko riyal 195 na kashe. Kwamfutar da take cin minti uku kafin ta buɗe yanzu ko minti ɗaya ba ta kaiwa.

Ya ja min kunne a kan intanet. Microsoft ta daina ba Windows 7 kariya tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma an rufe nasa a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa yana neman wani kayan tsaro da ake kira TPM 2.0 da sabuwar furosesa, irin tamu ba ta cikin lissafi. Ya ce in lissafi da sauraro kawai za a yi a bar ta a haka amma kar a jona ta, kar a shiga banki ko Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da ita, in kuma ana son intanet a sa mata Linux Mint mai sauƙi a madadin Windows. Kawu ya zaɓi a bar ta yadda ya saba.

Da zan sake daga farko, ga yadda zan bi. In duba jan makunnin wuta, in saurari kuka in ƙirga, in ɗauki hoton duk rubutun da ya fito tun na farko kafin in danna komai, in ga agogon bayos ya koma baya in canza batir nan take in gwada saitin SATA ɗaya bayan ɗaya, gwada shi ba ya goge komai, in bai yi ba ka mayar yadda yake. Kuma in za ka kai shago, ka faɗa tun a bakin ƙofa cewa akwai abin da ba ka yarda a goge ba, ka karanta takardar kafin ka sa hannu. Ko Windows ya lalace da gaske ana iya cire hardis a jona a wata kwamfutar, ko a tashe ta da filash mai Linux a kwashe fayil tukuna, fomatin ya zo daga baya.

A daren da na dawo da ita na kwafi folda Inna wuri uku, na tura wa ƙanwata da 'yan uwanmu na Kano. Fayil goma sha ɗaya ne. Kawu ya ce in kunna masa na farko, muka zauna a falo, muryarta ta fito tana gyaran murya tana tambayar ƙanwata ko abin ya fara ɗauka. Tsohon hardis ɗin yana nan na naɗe shi a leda na sa a akwatin Kawu, ban goge shi ba, kuma na manna ɗan salatif a cikin murfin kwamfutar na rubuta ranar da aka canza batir.